RA'AYINMU: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Idan ba a manta ba, a zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023, mutanen da suka yi rajista a nan Jihar Bayelsa sun haura miliyan ɗaya, amma waɗanda suka fito suka jefa ƙuri'a ba su kai dubu 180 ba. Wato ke nan a cikin kowane mutum shida da sunansu ke cikin kundin hukumar zaɓe, ɗaya ne tak ya je rumfa, sauran biyar suna gida ko suna wani gari. A duk faɗin Nijeriya, Jihar Ribas ce kaɗai ta fi mu ƙarancin fita. Alhali kuwa a zaɓen 2019 ƙuri'un da aka ƙirga a jihar nan sun haura dubu 300.

Duk wanda ka tambaya dalili, amsar da zai ba ka ɗaya ce, wai mutane sun gaji da 'yan siyasa. Ba mu ce babu gaskiya a ciki ba. Haka nan ba mu manta da wahalar canjin kuɗi da ta hana jama'a ko kuɗin mota a watannin Janairu da Fabrairu na wannan shekarar ba, ga tsadar mai, ga kuma na'urar BVAS da ta toshe wa masu aringizon ƙuri'u hanya, abin da ya sa alƙaluman da aka saba kumburawa suka sace kamar tayar da ta taka ƙusa. A ƙasa baki ɗaya ma kimanin kashi 27 cikin 100 ne suka fita. Amma mu da muke zaune a Yenagoa mun san akwai wani dalili da masu sharhi a Abuja da Legas ba su cika kawowa ba, shi ne ruwa.

Ambaliyar 2022 ta taso ne bayan damina mai ƙarfi, ga shi kuma a watan Satumba Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo, ya biyo kogin Binuwai, ya haɗu da na Kwara a Lakwaja, ya gangaro mana. Duk ruwan da ya taso daga can sama, a nan yake sauke kayansa kafin ya faɗa teku. Kafin tsakiyar Oktoba babbar hanyar East-West ta yanke ta ɓangaren Ahoada, ta kuma yanke ta ɓangaren Patani, Yenagoa ta zama tsibiri. Motocin albasa da tumatir da shanu suka tsaya cak a hanya, kaya suka ruɓe, jarin mutane ya narke. Jama'a suka cika sansanin Oxbow Lake da na Igbogene da makarantu da duk wani tudu da aka samu. Gwamnatin tarayya ta ce sama da mutum 600 ne suka rasu a ƙasar, sama da miliyan ɗaya da dubu 300 kuma suka bar gidajensu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Shekara goma kafin nan, a 2012, irin wannan ta faru, inda aka ƙirga mutum 363 da suka mutu, sama da miliyan biyu suka rasa matsuguni. Saboda haka wanda yake jin ba za ta sake zuwa ba, yana yaudarar kansa ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta rufe rajista ranar 31 ga Yulin 2022. Da rufe rajistar aka rufe neman sauya rumfa, aka kuma rufe neman sabon kati ga wanda nasa ya ɓata ko ya lalace. Ruwa kuwa sai a Satumba da Oktoba ya zo. Mutumin da ya tashi da tsakar dare ruwa iya ƙugu, ya goya yaro, ya ɗauki tabarma da tukunya, ya bar katinsa cikin akwati a ƙarƙashin gado, ya zo neman wani ne bayan an riga an kulle ƙofa da wata biyu ko uku. Dokar zaɓe ta 2022 kuma ba ta yarda kowa ya jefa ƙuri'a ba sai da kati a hannu. Daɗin daɗawa, da zaɓen gwamna na ranar 11 ga Nuwamban 2023 ya zo, ba a buɗe sabuwar rajista a jihar nan ba, karɓar katunan da suka rage a ofis kawai aka yi. Ke nan ruwan dare ɗaya ya cinye wa mutum zaɓen shugaban ƙasa, ya cinye na 'yan majalisa, ya haɗa da na gwamna. Irin wannan mutum ba gajiya ya yi ba, hana shi aka yi, ko da yake babu wanda ya tsaya a gabansa da sanda.

Akwai kuma wanda katinsa ya tsira amma gidansa bai tsira ba. Ya yi rajista lokacin da yake haya a Akenfa, ruwa ya ci ɗakin, mai gida ya gyara ya ƙara kuɗi, shi kuma ya koma wajen ɗan uwansa kusa da kasuwar Swali. Ranar zaɓe 'yan sanda kan hana zirga-zirgar ababen hawa tun tsakar dare har yamma. Wa zai taka da ƙafa daga Swali zuwa Akenfa don ya dangwala wa wani ɗan takarar da bai taɓa leƙo shi a sansani ba? Ban da wannan, a 2021 hukumar ta ƙara yawan rumfuna daga kusan dubu 120 zuwa 176,846, aka mayar da wasu masu zaɓe sababbin rumfuna, da yawa ba su sani ba sai da suka je tsohon wurinsu suka duba takarda babu sunansu. Wanda ya iya karatu ya yi tambaya ya gano, wanda bai iya ba ya kaɗe rigarsa ya koma rumfar shayinsa.

Sai kashi na uku, waɗanda suka fi yawa a cikinmu, wato waɗanda da hanya ta buɗe suka hau mota suka tafi gida. Ba mu ga laifinsu ba. Mai gadi da ɗan bola-jari da mai tura baro ba su da abin da zai riƙe su idan gari ya nutse. Wasu ma sun isa gida ne suka tarar da wata ambaliyar, domin a wannan shekarar Haɗeja da Ringim da Kafin Hausa da sauran sassan Jigawa sun sha ruwa ƙwarai. Wanda ya tafi a Nuwamba, ya ji ana ta raɗe-raɗin za a yi rikicin zaɓe, sai ya ce bari a gama tukuna. Katinsa na Yenagoa ne, shi kuma yana Gumel ko Isa ko Illela. Can bai yi zaɓe ba, nan ma bai yi ba.

Wani abu da ya kamata mu faɗa, ko da zai yi ɗaci, shi ne abin da rabon kayan agaji ya bari a zukatan mutane. A wurare da dama an rubuta sunayen mabuƙata ne gari-gari, ta hannun shugabannin garin, kuma wanda ba ɗan garin ba sai ya zama kamar ruwan bai shiga ɗakinsa ba. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, Ibo da Yarbawa da Ibibiyo da Urhobo 'yan haya duk sun ɗanɗana. A ɗaya gefen kuma, a farkon Nuwamban 2022 ministar jinƙai ta lokacin, Hajiya Sadiya Umar Farouq, ta ce Bayelsa ba ta cikin jihohi goma da ambaliyar ta fi yi wa ɓarna, Jigawa ce kan gaba. Maganar ta harzuƙa masu masaukinmu matuƙa, kuma ko da yake babu wanda ya shawarce mu kafin a faɗe ta, mu ne 'yan Arewan da ke kusa, mu muka sha harara a kasuwa. Mutumin da aka tsallake sunansa wajen rabon shinkafa, aka kuma harare shi a kan maganar da ba shi ya yi ba, idan ka ce masa ya fito zaɓe sai ya tambaye ka, na wa?

Duk da haka, kada wani ya ce ai haka bala'i yake, duk inda ya sauka sai zaɓe ya mutu. A wannan shekara ta 2023, ranar 6 ga Fabrairu, girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum dubu 50 a Turkiyya, ta rusa birane. Bayan wata uku, ranar 14 ga Mayu, suka yi zaɓe, kuma sama da kashi 80 cikin 100 suka fita. Jam'iyyu da ƙungiyoyin sa-kai ne suka yi karo-karo, suka sayi tikitin mota, suka mayar da waɗanda suka yi hijira garuruwansu don su jefa ƙuri'a. Ba mu ce Turkiyya da Nijeriya ɗaya ba ne. Abin da muke nunawa shi ne, bala'i yana wargaza mutane ne kawai, idan an samu masu tattaro su sai su taru.

Kafin mu zo ga yadda za a tattaro su, sai mun amsa wa masu cewa mu baƙi ne, baƙo kuwa raɓa ne, ina ruwanmu da siyasar mutane. Wannan magana tana fitowa daga bakin wasu 'yan gari, amma abin takaici ta fi fitowa daga bakin namu. Kundin tsarin mulkin 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama duk inda ya ga dama a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko garin da ya fito. Sashe na 77 ya ce ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 yana da haƙƙin a yi masa rajistar zaɓe. Babu inda aka ce sai ya kawo takardar shaidar ɗan asalin jiha. Akwai a cikinmu waɗanda suka zo nan tun kafin a ƙirƙiro Bayelsa daga tsohuwar Jihar Ribas ranar 1 ga Oktoban 1996, sun haifi 'ya'ya, 'ya'yan sun haifi jikoki masu jin Turancin buroka fiye da Hausa. Wace irin raɓa ce ke shekara talatin ba ta bushe ba? Muna biyan kuɗin rumfa, muna biyan tikitin keke kullum safiya, muna biyan haya. Kuma idan aka yanke hukunci, a kanmu yake sauka. A watan Afrilun 2023, bayan wani rikici da aka yi asarar rai, gwamnatin jiha ta hana keke Napep aiki daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe, kowa kuma ya san su wane ne mafi yawan masu tuƙa keken nan. Ba muna tuhumar matakin a nan ba ne, tambaya muke: a cikin waɗanda suka zauna suka yanke shi, wa yake jin yana da bashin ƙuri'armu a wuyansa?

Haƙƙin nan kuma ba namu ba ne mu kaɗai. Abin da aka yi wa Ibo a wasu rumfunan Legas ranar zaɓen gwamna na 18 ga Maris ɗin 2023, na tsoratarwa da kora, zalunci ne, kuma wanda ya yi shiru a kansa ba shi da bakin kuka idan aka yi masa. Ɗan Ibo da ke Sabon Garin Kano da Bahaushen da ke Yenagoa riga ɗaya suka sa.

Yanzu ga lissafin da muke so kowa ya riƙe. Inda mutane ba sa fita, ƙuri'a ɗaya tana yin nauyin biyar ko shida. A zaɓen gwamna na Nuwamban 2023, Gwamna Douye Diri ya samu ƙuri'u 175,196, Timipre Sylva ya samu 110,108, tazarar kimanin dubu 65 ce a jiha guda. Idan aka sauko kan kujerun majalisar jiha guda 24, waɗanda uku daga ciki na ƙaramar hukumar Yenagoa ne, ko aka sauko kan kansila, sai ka ga abin da ke raba mai nasara da mai faɗuwa bai fi jama'ar da ke cika masallacin Juma'a ba. Su kuwa waɗannan ƙananan kujeru su ne ke kusa da magudanar ruwa da rumfar kasuwa da jerin sunayen masu karɓar agaji. Mutanenmu sun fi zumuɗin zaɓen shugaban ƙasa, a kansa ake musu a teburin mai shayi har dare ya raba, alhali shugaban ƙasa ba zai taɓa sanin an toshe kwalbati a layinku ba.

Yadda aka saba neman ƙuri'armu kowa ya san shi. Saura mako biyu zaɓe a aiko a kira sarakuna da shugabanni zuwa wani otal, a kafa rumfa, a raba hula da atamfa mai hoton ɗan takara, wani ya tashi ya ce al'ummar Arewa mazauna Bayelsa gaba ɗaya sun amince da wane, a ɗauki hoto, a ba da na mota, a watse. Washegari ɗaya ɗan takarar ma ya samu nasa 'yan Arewan su yi masa irin wannan mubaya'a. Ɗan siyasa ba wawa ba ne. Bayan zaɓe yakan buɗe sakamakon rumfa-rumfa, ya duba unguwannin da muka fi yawa, ya ga mutum nawa suka fita. Idan ya ga rumfa mai rajistar ɗaruruwan mutane ba ta tara abin kirki ba, ya gane cewa taron otal iska ne, kuma ya riga ya biya kuɗinsa tun ranar. Shi ya sa idan aka je ofishinsa daga baya sai a yini a kan benci. Irin wannan kamfe ko a shekarar da babu ambaliya bai tsinana komai ba, balle a shekarar da rabin mutanen ba su da kati, rabin ba sa inda aka san su.

Abin da ƙungiyarmu ta tsayar shi ne a juya abin. Maimakon a fara daga ɗan takara a sauko, a fara daga ƙofar ɗaki a hau. Kuma a fara da rani, tun ƙasa tana bushe, tun ƙofar hukumar zaɓe tana buɗe, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A kowane layi da mutanenmu ke zaune muna neman mutum ɗaya da zai ɗauki nauyin gida goma, ba fiye ba. Ba babban mutum muke nema ba, maƙwabci muke nema, wanda ya san wane ya tashi, wane ya dawo, wane ya aurar da 'ya, wanda in ya yi sallama za a ce shigo ba sai an tambayi wane ne ba. A sana'o'i ma haka: mahauta su fitar da nasu, 'yan albasa da 'yan gwari nasu, masu keke nasu a kowace tasha, masu gadi nasu. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Ko a Amurka, da masana suka gwada a birnin New Haven a 1998, sun tarar cewa zuwa ƙofar mutum a yi masa magana baki da baki ya fi aika masa takarda ko buga masa waya tasiri nesa ba kusa ba. Mu da muka gaji gaisuwar maƙwabta ba ma buƙatar masana su koya mana, sai dai mu sa wa abin tsari.

Aikin mai gida goma tambaya uku ce: kana da kati? Na ina ne? Ka san rumfarka? Amsar sai a rubuta a littafi, suna da unguwa da rumfa da lambar waya, har da lambar wani ɗan uwa a gida Arewa wanda za a iya samun mutum ta hannunsa idan ruwa ya kore shi. Littafin a yi shi kwafi biyu, ɗaya a hannun mai layi, ɗaya a sakatariya, a cikin leda, a saman kabad. Wanda ya ga yadda takardu suka zama kunu a 2022 ba zai yi dariyar wannan ba.

A nan sai mun ja kunne da babbar murya. Babu wanda aka aika ya karɓi katin kowa, ko da sunan ajiya. Riƙe katin wani laifi ne a doka, kuma ita ce hanyar da masu sayen ƙuri'a ke bi. Doguwar lambar da ke jikin katin ma ba ma rubuta ta, kuma duk wanda ya zo muku yana neman ta da sunan tallafi ko rancen jari, ku sallame shi. Kowa ya sa katinsa a leda ya haɗa da abin da zai fara ɗauka idan ruwa ya shigo. Na biyu, wanda katinsa ya ɓata kada ya je ya sake sabuwar rajista kamar bai taɓa yi ba, ya ce a sake masa kati ne. A 2022, cikin sababbin rajista sama da miliyan 12, hukumar ta soke kusan miliyan biyu da dubu 800, akasari saboda rajista sau biyu, kuma babu shakka da yawansu ba 'yan maguɗi ba ne, rashin sani ne. Na uku, 'yan uwanmu na Jamhuriyar Nijar da muke zaune tare, muke cin abinci a kwano ɗaya, ba su da ƙuri'a a Nijeriya, kada wani ɗan siyasa ya ruɗe su da kuɗi. Mutum ɗaya aka kama, sai a shafa wa dukkanmu baƙin fenti, a ce ga baƙin haure an shigo da su.

Tambaya ta biyu, wato katin na ina ne, ita ce ta fi wuya, domin ta taɓa zuciya. Da yawa suna riƙe da katin ƙauyensu, suna cewa can ne gida. Ba mu tilasta kowa. Wanda ya san tabbas yana tafiya gida duk zaɓe, kuma yana da kuɗin motar, Allah Ya kiyaye hanya. Amma wanda ya shekara goma bai taɓa tafiya zaɓe ba, iyalinsa na nan, jarinsa na nan, ya kamata ya faɗa wa kansa gaskiya ya nemi a dawo masa da rajistarsa kusa da inda yake kwana. Haka wanda ya sauya unguwa a cikin gari. Kyauta ake yi, ba a biyan ko kwabo. A watan Agustan 2025 hukumar ta sake buɗe rajista, sai dai ƙofa ce da ake buɗewa ana rufewa, kuma a kullum ana kulle ta watanni kafin ranar zaɓe. Duk sanarwar da hukumar ta fitar game da ranakun, sakatariya za ta liƙa a allon masallatai da tashoshin keke.

Ajinmu na yaƙi da jahilci shi ma ya shiga cikin aikin. A jikin kowane kati akwai jerin lambobi kashi huɗu, na jiha, na ƙaramar hukuma, na mazaɓa, na rumfa. Bayelsa ita ce 06, Yenagoa 08. Idan ka ga 17 a farko, katin Jigawa ne, 19 Kano, 20 Katsina. Dattijon da bai gama haɗa baƙi ba yana iya koyon waɗannan lambobi a zama ɗaya, kuma daga ranar babu mai juya shi a bakin rumfa. Ana kuma koya yadda ake dangwale a cikin akwati ɗaya ba tare da tawada ta tsallaka layi ba, da yadda ake naɗe takardar, domin ƙuri'ar da ta lalace daidai take da ta wanda bai fito ba. Masu aikin ƙarfi da yatsunsu suka goge kada su ji tsoro, idan na'ura ta ƙi yatsa tana karɓar fuska.

Mata kuwa, sai mata. Namiji ba zai shiga gidan mutane yana tambayar matan aure katinsu ba, kuma a nan ne aka fi samun waɗanda ko dai ba su taɓa yi ba, ko sun yi a garin iyayensu kafin a kawo su. Malaman Islamiyya mata da ungozomomi da uwayen adashi sun fi kowane shugaba sanin cikin gidajen nan. Muna roƙon magidanta su ba da izini, su kuma raka. Ba wanda zai iya karɓar wa wani kati, dole mai shi ya je da kansa.

Sa'an nan kada mu yi wannan aiki mu kaɗai kamar masu shirya wata maƙarƙashiya. Idan 'yan gari suka wayi gari suka ga Hausawa na bi gida-gida da littafi, ba a gaya musu komai ba, za su fassara shi yadda suka ga dama, kuma akwai masu jiran irin wannan dama. Saboda haka kafin a fara a kowace unguwa, a je a gai da sarkin garin da shugabannin matasa da na mata, a nuna musu littafin, a ce idan suna so a yi tare. A nemi ƙungiyoyin sauran 'yan haya. Ruwan 2022 bai tambayi kowa takardar asali ba, ya shiga ɗakin ɗan Epie, ya shiga na Ijaw, ya shiga na Bahaushe. Buƙatun da za mu kai wa 'yan takara ma su zama waɗanda maƙwabcinmu zai iya sa hannu a kai: a yashe rafin Epie da magudanun da ke zuba cikinsa kafin damina, a tanadi sansanoni a kan tudu tun kafin ruwa ya zo, tunda hukumomin hasashen yanayi da na kula da koguna suna fitar da gargaɗi tun farkon shekara, a kuma riƙa rubuta masu karɓar agaji bisa inda mutum yake zaune, ba bisa inda aka haifi kakansa ba. Waɗannan a rubuce za mu miƙa su ga kowane ɗan takara, na kowace jam'iyya, a bainar jama'a, mu karanta wa mutane amsar da kowa ya bayar. Ƙungiya ba za ta ce a zaɓi wane ba. Kowa da jam'iyyarsa, kuma ƙuri'a sirri ce. Abin da muke so a gani a takardar sakamako shi ne rumfunan unguwanninmu sun cika.

Hukumar zaɓe ma akwai abin da za mu nema a wurinta. Dokar 2022 ta ɗora mata nauyin ta yi iya ƙoƙarinta kada waɗanda wani bala'i ya raba da gidajensu su rasa damar zaɓe, kuma tun 2015 ta shirya wa 'yan gudun hijirar Borno da Yobe da Adamawa wuraren jefa ƙuri'a. Wanda ruwa ya kora shi ma ɗan gudun hijira ne. Za mu rubuta, tare da duk ƙungiyar da ta yarda, mu roƙi a riƙa ba da wani ɗan lokaci na musamman bayan kowace babbar ambaliya domin sake katunan da suka salwanta. Ko an amsa ko ba a amsa ba, littafinmu shi ne shaidar da za mu riƙe, tunda zai nuna mutum nawa abin ya shafa, a wace rumfa.

Lokaci kuma ba ya wajenmu. Ban da babban zaɓen 2027, wa'adin gwamna mai ci zai ƙare ne a watan Fabrairun 2028, kuma tsarin mulki ya ce a yi zaɓe tsakanin kwana 150 da kwana 30 kafin ƙarewar wa'adi. Wato daga tsakiyar Satumban 2027 zuwa tsakiyar Janairu. Na 2019 an yi shi ranar 16 ga Nuwamba, na 2023 ranar 11 ga Nuwamba, duka a wutsiyar lokacin da ruwa ke cika. Idan shekarar ta zo da irin na 2012 ko 2022, to a sansani zaɓen zai same mu. Don haka tun yanzu kowane mai gida goma ya san gidan da mutanensa da suka yi nisa da rumfarsu za su kwana daren jajiberin zaɓe, ko gidan ɗan uwa ne ko harabar masallaci, tunda da safe babu keke babu mota. Masu motocin da ke kawo kaya daga Arewa, waɗanda kan dawo da 'yan uwa a saman buhuna, za a zauna da su a kan yadda za a sauƙaƙa wa masu katin Yenagoa dawowa mako guda kafin ranar. Kuɗin wannan daga aljihunmu zai fito, ta karo-karon da aka saba, ba daga hannun wani ɗan takara ba.

Duk wanda ya yarda zai ɗauki gida goma, namiji ko mace, ya kawo sunansa da sunan layinsa sakatariya, ko ya ba limamin masallacinsu ko shugaban tasharsu. Littattafai da biro da leda ƙungiya ce za ta bayar. Wanda bai iya rubutu ba kada wannan ya hana shi, za a haɗa shi da ɗalibi ɗaya daga ajin dare su riƙa zagayawa tare.